Tabulet ɗin Kwali

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ta zangon karatu na biyu ba, ko da kuwa na so in manta, don abokan aikina sun ɗauki alkawarin ba za su bar ni ba. Har yau in anka haɗu wurin bita, sai wata ta matso kusa da ni ta tambaye ni cikin ladabi ko na zo da na kwalin. Ina dariya tare da su, amma Allah Ya sani duk lokacin sai na ji kunnuwana sun yi zafi.

Ni malamar firamare ce, aji uku nake riƙe da shi, a wata makaranta da ke tsakanin Wurno da Goronyo. In ka tsaya ƙofar ajina kana hango fadamar albasa da hanyar ruwan da ke zuwa daga dam. Rabin yarana ɗiyan manoman rani ne, sauran kuma ɗiyan masunta. Kuma in faɗi gaskiya tun daga farko, ni mutum ce mai son a ce ta iya. Ba na faɗa, ba na zagi, amma in anka yabi wata gabana sai in kwana ina tunanin mi ta fi ni.

Farkon shekarar karatun ne wata ƙungiya ta kawo wa makarantun yankinmu tabulet, kwamfutar nan ta hannu mai faɗin littafin rubutu. Makarantarmu ta samu biyar. Anka kira mu bita ta kwana uku a Wurno, anka nuna mana yadda ake kunnawa, yadda ake ɗaukar hoto da murya, da yadda ake caji da ɗan faifan sola. Ranar ƙarshe Hajiya Kulu, mai duba makarantu, ta tashi ta yi mana magana a fili. Ta ce ba ado anka kawo mana ba, na hannun yara ne. Ta ce akwai makarantu wajen Rabah da ba su samu ba suna jira, don haka duk makarantar da ta ishe ba ta aiki da nata, za ta kwashe su duka ta kai can. Kowa ya sa hannu ya karɓi nashi.

To ni ɗiyar Inna ce. Inna tana da kwanonin jere cikin kabad tun na aurenta, kuma ban taɓa ganin tuwo cikin ko ɗaya ba. Sau biyu a shekara ake fiddo su, a wanke, a goge, a mayar. Da anka yi nawa auren ni ma haka na yi da nawa. Saboda haka da anka miƙo mini tabulet sabo fil cikin kwalinshi, abin da ya fara zo mini a rai shi ne yadda zan kare shi daga duniya. Na ɗinka mishi riga da ƙyallen atamfa, na sa shi cikin leda, na mayar cikin kwalin, na sa kwalin cikin jaka. 'Yar ledar nan da ke manne bisa gilashin tun daga kamfani ma ban ɓare ba (wai kada ya ƙarce).

Ba wai ba na fiddo shi ba ne. Kullum bayan tara sai in warware shi, in ɗaga shi sama gaban aji, in kunna waƙar baƙaƙe. Yara sun fi sittin, 'yan bencin gaba na ganin wani abu, 'yan baya kuwa hannuna kaɗai suke gani da ƙyallin gilashi. Wata rana ina zagawa da shi, wata yarinya ta miƙo yatsa, yatsan kuwa sharkaf da man awara da yaji. Na janye shi da sauri. Ranar na tsara doka. Kun dai san yaran firamare, duk abin da anka sa wa murya anka ce su amsa tare, ya zauna ke nan har tsufa. Sai na koya musu: in na ɗaga shi sama na tambaya mine ne wannan, su mayar da hannuwa baya su amsa, "Allon Malama! Na ido na, ba na hannu ba!" Cikin kwana biyu sun haddace, har da ɗan rausaya kai. Na ji daɗin kaina ba kaɗan ba.

Ajin da ke jikin nawa na Malam Bube ne, aji biyu. Dattijo ne, saura kaɗan ya aje aiki, kuma shi ya koyar da ni a wannan ɗakin da yake ciki yanzu, lokacin ina 'yar ƙarama mai yawan kuka. Wurin bita sau uku yana tambaya ina ake dannawa a kunna, ni kuwa ina rufe baki da mayafi ina dariya. Ba a yi wata ɗaya ba na ga nashi tabulet ɗin ya tsage a kusurwa, ya ɗaure shi da robar tayar keke, gilashin duk shatar yatsu, har warin albasa yake yi. Wai ni ce na tare shi bakin ofis ina yi mishi nasiha, ina cewa Malam ai amana ce anka ba mu, ya kamata a kula. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "To ɗiyata, Allah Shi ba mu ikon riƙon amana." Na wuce ina ganin na yi aikin lada.

Akwai fom da muke cikewa duk ƙarshen mako. Ɗaya daga cikin tambayoyin ita ce sau nawa yara sunka yi aiki da tabulet da kansu. Ni dai kullum "kullum" nake rubutawa (na lallashi zuciyata da cewa ai ido ma jikin yaro ne). Da anka sake tara mu a Wurno don jin yadda abin ke tafiya, kowa na sunkuyar da kai, sai ni uwar iyawa na tashi. Na zayyano duk abin da anka koya mana a bitar farko kamar ni ke yin shi: yadda nake raba yara rukuni-rukuni, yadda suke ɗaukar hoto, yadda suke sauraren karatunsu. Anka yi mini tafi. Ban gama jin daɗin tafin ba Hajiya Kulu ta ce madalla, tun da haka ne, Laraba ta sama za ta kawo malamai daga Rabah da Goronyo su ga ajina su koya. Na zauna a hankali.

Kwana goma ke gare ni. Mai hankali zai warware tabulet ɗin washegari ya miƙa wa yara. Ni kuwa na tafi shagon maƙwabcinmu na roƙo kwalin taliya, na yanka shi gida shida daidai girman tabulet, na zana ɗan akwatin hoto da na murya da biro. Na raba yara rukuni shida, kowane da kwalinshi, munka shiga gwaji. Nan ake dannawa, haka ake shafawa, haka ake riƙewa da hannu biyu. Yara ba su ga wani abin mamaki ba, sun ɗauka wasa ne, har suna yin ƙarar ɗaukar hoto da baki. Wadda ta fi kowa ƙwarewa Ige ce, ɗiyar wani masunci, yarinya mai kai, ita ke zuwa ta ɗaya. Na ƙudura ranar Talata zan ba su na gaskiyar su saba. Talata ta zo, na fiddo shi, na dubi hannuwansu bayan tara, na mayar da shi cikin rigarshi. Da za a tashi na ce musu gobe akwai baƙi, ban da waƙar nan tamu. Sau ɗaya na faɗa, su kuwa wata huɗu suna rera ta.

Laraba da hantsi sai ga mota. Hajiya Kulu ce da malamai takwas, kowa da littafi da biro. Hedimasta ya sha babbar riga kamar ranar Juma'a. Anka jera wa baƙi kujeru a bayan aji, Malam Bube ya ba yaranshi aikin kwafa ya zo ya tsaya bakin taga. Na fara darasi, kuma wallahi farkon ya yi kyau. Na yi gaisuwa, na yi bitar jiya, na rubuta a allo, ina ta jan lokaci ko Allah zai sa a kaɗa ƙararrawa. Can sai Hajiya ta taso, ta ce in ba ta tabulet ɗin ta ɗan gaisa da yara. Na fiddo kwali daga jaka, leda daga kwali, riga daga leda, baƙi na kallo. Ta karɓa, ta juya ga aji, ta ɗaga shi sama daidai yadda nake ɗagawa, ta tambaye su cikin fara'a mine ne wannan.

Na ji ƙarar hannuwa sun koma baya gaba ɗaya, kamar sojoji.

"Allon Malama! Na ido na, ba na hannu ba!"

Ba su taɓa rera ta da daɗi kamar ranar ba. Sun ga baƙi, sun so su fidda ni kunya, sai sunka ƙara murya har da rausayar kan. Wani malami daga Rabah ya fara rubutawa, ina jin ya zaci tana cikin darasin da ya zo koyo, sai na kusa da shi ya taɓa mishi hannu.

Hajiya ba ta dube ni ba. Ta tambaya wace ce ta fi iya aiki da shi, yara sunka ce Ige. Ta kira ta gaba, ta miƙa mata, ta ce ta ɗauki hoton ajin. Ige ta ja da baya, hannuwanta na nan a baya. Ta dubi tabulet, ta dube ni, idonta ya cika da hawaye. Na yi mata alama da kai cewa ta karɓa, amma yarinya wata huɗu tana jin abu guda daga bakina, ba ta yarda da kan nawa ba. Da Hajiya ta sake miƙawa, sai Ige ta juyo gare ni ta ce, a hankali amma kowa ya ji:

"Malama, a ba ni na kwalin, shi na iya."

Hajiya ta tambaya wane na kwali. Kafin in buɗe baki yara shida sun zaro kwalayen daga ƙarƙashin benci sun ɗaga sama, suna murna an zo wurin da sunka sani. A jikin ɗaya har ana karanta sunan taliyar. Hedimasta ya cire hula, ya duba cikinta, ya mayar. Ni kuwa ina tsaye da alli a hannu, na matse shi har ya karye. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, amma abin da ya fi kunyar ciwo shi ne na tuna maganar Wurno. Tabulet biyar za su bar makarantar nan saboda ni, kuma yaran da ba su yi laifin komi ba su za su rasa.

Hajiya ta karkata tabulet ɗin wajen haske, ta sa farce ta taɓa gefen ledar kamfanin, ba ta ɓare ba. Ta tambayi hedimasta ko sauran huɗun ma haka suke, ya fara wata doguwar magana da ba ta da kai. Sai na ji Malam Bube ya yi gyaran murya daga taga. Ya ce tun da baƙi sun sha hanya, ko za su leƙa ajinshi kafin su koma, ba wani abin kirki yake yi ba amma ɗakin ya fi sanyi. Kowa ya tashi da sauri, don kowa na neman hanyar fita daga ajina. Ni ma na bi bayansu, na laɓe bakin ƙofa.

Abin da na gani babu wani abin al'ajabi cikinshi, shi ya sa ya fi ƙona mini rai. Malam ya zaro tabulet ɗinshi mai roba daga aljihu ya miƙa wa benci na farko, ko kallonsu bai yi ba. Akwai hotunan fangalan albasa da yaran sunka ɗauka da kansu a fadamar bayan makaranta, da su suke lissafi: layi nawa, kowane layi albasa nawa, duka nawa ke nan. Mutum shida ke zagaye shi, in sun gama su miƙa wa na gaba, sauran kuma na aiki cikin littafi, ba mai zaman jira. Da anka zo karatu, yarinya ta karanta layi biyu tana ɗaukar muryarta, ta kunna ta saurara, ta yi dariya ta ce ta tsallake kalma, ta sake. Malam bai ce mata komi ba, ita ta gano kuskurenta da kanta. Ya nuna wa baƙi hoton rubutun wata ɗaliba na farkon zango da na makon jiya, gefe da gefe, ya ce in uwaye sun zo shi yake nuna musu. Akwai kuma muryar wani tsohon masunci yana faɗin sunayen kifi, tarwaɗa, karfasa, ragon ruwa, yara na ji suna rubutawa. Wata malama daga Goronyo ta tambaye shi ina ya koyi duk wannan. Ya ce shi fa wuri uku kaɗai ya sani a jikin abin nan, na hoto, na murya, da na kashewa, sauran duk yara sunka nuna mishi. Biro ya yi ta gudu bisa takarda.

Da za su tafi Hajiya ta kira ni gefe, gindin dogon yaron da ke bakin ofis. Na shirya jin faɗa, ba ta yi ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce albarkacin Malam Bube ba za ta kwashi komi yau ba. Ta miƙo mini nawa, ta ce, "Malama, zan komo cikin wata ɗaya, ba ni gaya miki rana. In na ishe shi da tsabta haka, da shi zan tahi." Na ce to Hajiya. Ta ƙara da cewa fom ɗin ma daga yau in riƙa rubuta abin da ya faru.

Da anka tashi na ishe Malam yana share allo. Na durƙusa na ce ya yafe mini nasihar da na yi mishi. Ya yi dariya har da tari, ya ce ai tun ina aji biyu haka nake, in anka ba ni sabon fensir ba na fiƙewa sai na ari na wani. Ya ce in zo gobe in zauna. Haka na yi kwana biyu ina zuwa ajinshi lokacin da yarana ke wurin malamin Arabiyya, ina zama bencin baya, gwiwoyina na tokarar tebur, a ɗakin da na koyi baƙaƙe.

Ranar Litinin na kira Ige gaban aji, na ce ita za ta ɓare ledar gilashin. Sai da na rantse mata ba zan yi fushi ba. Tana ja ina jin abin har cikin haƙorana, amma na daure. Na raba su rukuni, na nuna musu wurin murya, na ce kowane rukuni ya ɗauki abin da ya fi iyawa. Ina tsammanin baƙaƙe ko ƙidaya. Da na kunna, rukuni huɗu cikin shida waƙar allon Malama sunka ɗauka, hannu ɗaya riƙe da tabulet ɗin suna rera cewa ba na hannu ba ne. Ban goge ba, tana nan ciki har yanzu.

Hajiya ta komo ranar wata Alhamis, ba sallama daga nesa, sai ganinta na yi bakin ƙofa. Tabulet ɗin na hannun 'yan bencin baya, suna gardama bisa hoton kwandon tumatir. Ta karɓa, ta karkata shi wajen haske kamar wancan karon. Shatar yatsu ta rufe gilashin, ga ɗan ƙarce a gefe, ga wani abu mai maiƙo da ni kaina ban san ko mine ne ba. Ta goge yatsanta a gefen mayafi, ta mayar wa yarinyar da ta karɓa a hannunta, ta ce su ci gaba. Biyar ɗin suna nan makarantarmu har yau.

Ranar nan, da na koma gida, na buɗe kabad, na sauko da babban kwanon jerena, na zuba tuwo ciki. Maigidan ya dubi kwanon, ya dubi ƙofa, ya tambaye ni su wa za su zo. Na ce ba kowa, mu ne. Na lura da yatsu biyu ya riƙa taɓa gefen kwanon har munka gama.

Yanzu in sabuwar malama ta tambaye ni yadda ake aiki da tabulet a aji, ba na yi mata dogon bayani. Ina ce mata ta koyi wurin hoto da wurin murya, ta raba yara rukuni, ta miƙa musu, sannan ta mayar da nata hannuwan baya. In kuma ta matsa sai na ba ta abin da na fi ƙwarewa a kai, to ga shi: in har za ki rubuta ƙarya cikin fom, kada ki koya wa yara sittin gaskiyar da waƙa.